Awon Ilimin Ɗalibai a Digirin Farko na Nazarin Mata

Awon ilimin ɗalibai a fannin nazarin mata shi ne tsarin da sashe ko cibiya a jami'a ke bi don gano abin da ɗalibai suka sani da abin da suka iya yi bayan shekarun digirin farko. Ya bambanta da ba da maki. Maki na ɗalibi ɗaya ne a kwas ɗaya, awo kuwa manhajar ce kanta ake ɗorawa a sikeli: a tattara ayyukan ɗalibai da yawa, a duba ko abin da aka yi alkawarin koyarwa ya zauna. Aji guda na iya cin jarrabawa kaf da haddar abin da malami ya faɗa, a wayi gari babu wanda zai iya warware matsalar da ba a kawo a aji ba.

Asali

An buɗe shirin nazarin mata na farko a Amurka a kwalejin San Diego a 1970. Tun daga nan masu suka ke cewa siyasa ake koyarwa da sunan ilimi, shi ya sa malaman fannin suka matsu su nuna hujjar abin da ɗalibai ke koya. A 1992 aka fitar da rahoton *The Courage to Question*, wanda ya duba shirye-shiryen nazarin mata a makarantu bakwai na Amurka, inda kowace makaranta ta tsara tambayoyin awonta da kanta.

A Afirka, Jami'ar Makerere ta Yuganda ta buɗe sashenta a 1991. A Ankara, wato Accra babban birnin Gana, Jami'ar Gana da ke Legon ta kafa cibiyar nazarin jinsi mai suna CEGENSA, Farfesa Akosua Adomako Ampofo ce shugabarta ta farko. Kwas ɗin nazarin Afirka da jami'ar ta wajabta wa ɗaliban digirin farko yana ɗauke da gabatarwa kan jinsi, don haka ɗan unguwar Nima ko 'yar unguwar Madina a Ankara da ke karanta lissafin kuɗi ma sai sun ratsa ta fannin. Amincewa da shirye-shiryen jami'o'i yana hannun hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020 bayan haɗe hukumomi biyu da ke kula da manyan makarantu.

Abin da ake aunawa

Sashe kan fara da rubuta manufofi kaɗan, kowace da aikatau da za a iya gani: ɗalibi ya bayyana, ya kwatanta, ya feɗe, ya kare hujja. Wannan salo ya samo tushe daga rabe-raben matakan koyo na masanin ilimi ɗan Amurka Benjamin Bloom na 1956. Manufa irin "ɗalibi ya fahimci halin da mata ke ciki" ba ta aunuwa, domin fahimta ba ta da kafar da mai dubawa zai kama.

Manufar da aka fi sha wuya da ita ita ce iya ganin yadda jinsi ke cuɗanya da talauci, addini, ƙabila da wurin zama, ra'ayin da masaniyar shari'a 'yar Amurka Kimberlé Crenshaw ta raɗa wa suna "intersectionality" a 1989. A Ankara ba a buƙatar nisa kafin a ga wannan. Yarinyar da ta zo daga Arewa tana dako a kasuwar Makola, da hajiyar da ke da shagon atamfa a kasuwa ɗaya, da lauya a Osu, duk mata ne, amma ɗalibin da ya rubuta musu magani ɗaya bai koyi darasin ba.

Gado misali ne da ke fito da ƙarfin ɗalibi ko rauninsa. Dokar Gana ta gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, PNDCL 111 ta 1985, ta ba wa matar mamaci da 'ya'yansa gida ɗaya da kayan cikin gida, sannan ta raba sauran dukiya kashi goma sha shida: uku na mata, tara na 'ya'ya, biyu na iyaye, biyu a bi al'ada. A shari'ar Musulunci tumuni ne rabon matar idan akwai ɗa, rubu'i idan babu. A al'adar ƙabilar Akan ta Gana kuma gado ta wajen uwa yake bi. Idan aka ba ɗalibi labarin bazawara a Sabon Zango aka ce ya yi sharhi, ana duba ko ya kawo tsarin ukun daidai, ko ya gane inda suke karo, ko ya lura cewa rabo a takarda daban yake da abin da ke isa hannun mace bayan zaman dangi.

Hanyoyi

Hujja iri biyu ce. Akwai ta kai tsaye, wato aikin ɗalibi da kansa: amsar jarrabawa, rahoton fita fili, kundin bincike na shekarar ƙarshe, ko jakar ayyukan da ya tara tun shekarar farko. Malamai biyu ko uku kan karanta samfuri bayan an rufe sunaye, da jadawalin ma'auni ɗaya a gabansu, kuma sai sun daidaita fahimtarsu ta ma'aunin kafin su fara, in ba haka ba halin malamai za a auna. Ɗaya kuma ita ce abin da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai ke faɗa a takardar tambayoyi ko hira, har da bin sawunsu bayan hidimar ƙasa. Wannan tana da amfani, sai dai mutum ya ce ya ƙware ba ya nuna ya ƙware.

Matsaloli

Babbar gardama ita ce ta aƙida. Fannin yana fatan sauya yadda ɗalibi ke kallon duniya, amma ba wa mutum maki don ya yarda da malami zalunci ne, kuma yana koya wa ɗalibai riya. Ɗalibar da ta taso a makarantar Islamiyya a Mamobi tana iya kare hikimar rabon gado na shari'a, wata ta soke shi, dukansu su sami cikakken maki idan sun kawo hujjar abokin hamayya da adalci kafin su amsa ta. Saboda haka ma'auni mai kyau kan tsaya a kan ingancin hujja, tambayoyin sauyin ra'ayi kuma a bar su ba suna ba maki.

Sai batun harshe, wanda ya fi shafar 'yan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a biranen Gana. Da Turanci ake rubuta kundi, amma hirar da ta ba shi nauyi da Hausa aka yi ta, da magajiya ko mai koko ko uwar adashi. Kalmomi irin su kunya, kishiya, zawarci da haƙuri ba sa tsallakawa Turanci da kayansu cif. Ɗalibar da ta san cewa "sai haƙuri" a bakin matar aure na iya zama ƙorafi ta yi aikin da baƙon mai bincike ba zai iya ba, amma idan jadawalin ya fifita nahawun Turanci, wannan gwaninta ba za ta fito a lissafi ba. Gyaransa shi ne a ware layi a jadawalin don ingancin fassara da bayanin ma'ana.

Akwai kuma sirri. Zango wuri ne da kowa ya san kowa, sauya suna kaɗai ba ya ɓoye matar da ta yi magana kan duka a gidan aure, laifin da dokar Gana ta 2007 kan cin zarafi a cikin gida ta tanadar wa hukunci. Shi ya sa neman izini da ɓoye alamomin mai magana suke cikin abin da ake aunawa. Haka nan ba a tilasta wa ɗalibi ya rubuta abin da ya faru da shi ko da mahaifiyarsa don neman maki.

Awon kan ƙare ne a taron malamai, inda ake duba sakamako a gyara manhaja. Idan kundayen shekarar ƙarshe suka nuna ɗalibai sun iya ka'idoji amma hirarsu ba ta da zurfi, akan dawo da kwas ɗin dabarun bincike shekara ta biyu ko a ƙara fita fili, sannan a sake ɗaukar samfuri daga ajin da ya biyo baya.