Likita Walter Miller da Gadon Wusasa

Walter Miller (1872 zuwa 1952) likita ne kuma ɗan mishan, mutumin Ingila, wanda ya shafe kusan shekara hamsin a Arewacin Nijeriya, mafi yawansu a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan da ake kira CMS. An fi saninsa da jagorantar fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda aka buga a 1932, da kuma makarantar da ya kafa a birnin Zariya, wadda daga baya ta koma Wusasa.

Zuwansa ƙasar Hausa

Miller ya karanta aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda fatake da alhazai Hausawa ke yada zango, ya zauna cikinsu yana koyon harshen. A 1900 ya shiga ayarin Turawa biyar da Bishop Herbert Tugwell ya jagoranta daga Legas zuwa Kano. Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya umarce su su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. Suka juyo suka yi sansani a Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya kwanta ciwon ajali. A lokacin Turawan mulki ba su ci Kano ba tukuna, kuma Lugga, shugaban Turawan mulki a Arewa, bai ji daɗin wannan kasada ba ko kaɗan.

A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Miller ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Nan ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makarantar kwana ta yara maza. Wannan abu ne da ba a saba gani ba, domin gwamnatin mulkin mallaka ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka ta hana 'yan mishan shiga biranen Musulmi. Miller bai iya ɓoye abin da ke ransa ba. Ya yi ta sukar tsarin mulki ta hannun sarakuna, yana cewa talaka ne ke shan wuyarsa, har dangantakarsa da fada da kuma Turawan mulki ta yi tsami. Zafin bakinsa a kan sarauta da Musulunci ya jawo masa ƙiyayyar da ta rage masa masu saurare, kuma waɗanda suka karɓi baftisma a birnin ba su da yawa.

Isawa da ƙauyen Gimi

Babban abin da ya canza aikin nasa daga wani wuri ya zo. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba shi wani matsayi na musamman. An yanke wa malamin hukuncin kisa, almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi. Su ake kira Isawa. Ba Kiristoci ba ne, ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, amma sun riƙe abin da malaminsu ya bar musu shekara da shekaru.

A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Miller a Zariya. Da yawansu suka karɓi bishara, aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki, suka gina majami'a da makaranta. Ba a jima ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa wa ƙauyen. Mutanen da suka bar danginsu da gonakin gado saboda bangaskiya suka riƙa binne 'yan'uwansu ɗaya bayan ɗaya, a wurin da suka ɗauka mafaka ce. Waɗanda suka yi saura aka kwaso su zuwa Zariya, yawancinsu yara. Daga cikin waɗannan gidaje ne ikilisiyar Hausawa ta farko ta samu saiwa, kuma tarihi bai ba su haƙƙinsu ba: sunan Baturen ake tunawa, alhali su ne suka biya farashi mafi tsada.

Komawa Wusasa

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa wani fili kusa da Dutsen Kufena, wato Wusasa. Miller bai so wannan ƙaura ba. Wani ɗan mishan na CMS, Guy Bullen, shi ne ya ɗauki nauyin gina sabon mazaunin: makaranta, da asibitin da ake kira St Luke, da majami'ar St Bartholomew. Majami'ar ginin ƙasa ce irin ta Hausa, mai kaurin bango, magina na gida suka ɗora ta da tubali, har wanda ya hango ta daga nesa zai ɗauka soron wani basarake ne. Tana nan tsaye har yau.

Makarantar ta yaye mutanen da yawansu bai kai tasirinsu ba. Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham kuma ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta, ɗan wannan gida ne. Haka Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. Janar Yakubu Gowon, wanda iyayensa Angasawa ne daga Filato, a Wusasa ya tashi. Asibitin kuwa, Musulmin Zariya da ƙauyukanta sun daɗe suna kai masa majinyata da masu naƙuda.

Fassarar 1932

Bayan ƙaurar Miller ya koma Kano ya duƙufa kan fassara. Ba shi kaɗai ya yi ta ba. Ya yi aiki da 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi biyu, SIM da SUM, da kuma Hausawa masu taimaka masa, waɗanda su ne ke tace masa abin da kunnen Bahaushe zai karɓa. An buga cikakken littafin, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, da rubutun boko, wanda Miller ya daɗe yana goyon baya a kan ajami.

Ya yi fassarar ne da Hausawan birni a zuciyarsa, amma ba su ne suka fi cin moriyarta ba. A Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da kudancin Bauchi akwai harsuna barkatai da ba a rubuta su ba tukuna, sai masu bishara suka ɗauki Littafi Mai Tsarki na Hausa suka shiga da shi ƙauye-ƙauye. Da shi dubban Birom da Angas da Bajju da Tangale suka koyi karatu a ajin baftisma. Ta haka Hausa ta zama harshen sujada da waƙa da wa'azi a ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN, har zuwa kudancin Nijar, wajen Maraɗi da Galmi. An yi sababbin fassarori bayanta, amma akwai dattawan da har yanzu ayoyin da suka haddace da lafazin tsohuwar suke.

Miller bai yi aure ba. Ya bar CMS a shekarun 1930, ya je Ingila, sai zaman can ya gagare shi ya dawo Nijeriya. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952. Wusasa yanzu mazaunin bishop ne na cocin Angilikan, kuma ana yin sujada da Hausa a majami'arta.