Ciyawar Setariya da Yadda Take Mamaye Gonaki: Tambayoyi da Amsoshi

Wace irin ciyawa ce wannan?

Ciyawa ce mai fitar da kai kamar ƙaramar zangarniyar gero, mai gashi-gashi, wanda Turawa suke kamantawa da wutsiyar yanyawa. Masana tsirrai suna kiran danginta Setaria, kuma 'yan uwan gero ne da kyasuwa da ƙarangiya. Wadda ta fi addabar manoman masara da waken suya a Amurka ita ce Setaria faberi, wadda tsayinta kan wuce mita 1, kanta kuma yakan rankwafa idan ya nuna.

Yaya aka yi ta isa Amurka har ta gagara?

Asalinta daga gabashin Asiya ne. An fara ganinta a gabashin Amurka a shekarun 1920, kuma masana sun fi karkata ga cewa irinta ya shiga ne a cakuɗe cikin wani ƙaramin gero da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin. Ta yi shekaru ba a damu da ita ba, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da manoma suka rungumi maganin feshi na 2,4-D, wanda yake kashe ciyayi masu faɗin ganye amma ba ya taɓa dangin hatsi. Da abokan gasarta suka ƙare, ga kuma takin zamani a wadace, sai ta samu fili, ta bazu a yankin noman masara cikin shekarun 1950. A ganina wannan shi ne abin lura a tarihinta: hannun manomi ne ya share mata hanya ba tare da ya sani ba.

Malam, mu a Kano mene ne haɗinmu da wannan labari?

Hanyar da ta bi a buɗe take a wurinmu. Kasuwar Dawanau tana karɓar hatsi daga jihohi da ƙasashe maƙwabta, kuma manoma da yawa a cikin buhun kasuwa suke ɗibar irin shuka. Duk wanda ya zuba geron kasuwa a faifai ya sheƙe shi, ya san ƙananan ƙwayoyin da ke taruwa a gefe, kuma ba dukansu ne tsakuwa ba. Haka nan takin dabbobi da ake kwasa daga cikin birni zuwa gonakin kewaye yana ɗauke da irin ciyawar da tumaki suka ci. Akwai ma 'yar uwarta, Setaria verticillata, da ke tsirowa a Afirka, mai gashin da ke maƙale wa ƙafar wando da jikin akuya.

To, me ya kamata manomi ya yi?

Ya tace irinsa sosai, ko ya nemi ingantacce ta hannun malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, ya kuma bar taki ya ruɓe kafin ya kai gona. Kada ya yi sakaci da noman farko da maimai, domin tushe ɗaya da aka bari ya fitar da kai zai zubar da ɗaruruwan ƙwayoyi, wasunsu su kwanta a ƙasa shekaru kafin su tsiro. Dogaro da magani guda ɗaya ma haɗari ne, tunda a Amurka an samu wadda maganin feshi na atirazin ya daina kashewa. Sauya masara da wake ko gyaɗa yana ba da damar gane ta da wuri a tsakanin kunyoyi, a tuge ta tun ba ta yi kai ba.