Daga Kano zuwa Damagaram da iyali: shirin tafiya yana farawa tun mako biyu kafin a tashi

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti da ke bakin hanyar Daura, kuma ina so mu yi magana a kan tafiyar zumunci da ake yi da mata da yara a wannan hanya, musamman da Sallah ko lokacin biki.

Hanyar nan ta girmi kwalta nesa ba kusa ba. Tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata iyaka tsakaninsu a farkon ƙarnin da ya wuce, ayarin raƙuma ke bi ta nan da gishirin Bilma da dabino zuwa kasuwar Kurmi, su koma da turkuɗi da fatu da hatsi. Unguwar Zango ta Damagaram sunanta ya faɗi aikinta, nan fatake ke sauke kaya. A yau mota na tashi daga Kano ta bi Dambatta da Kazaure da Daura, ta tsallaka a Kongolam, ta ratsa Matamaye da Kance, ta hau babbar hanya a Takeita ta shiga Damagaram. Duka tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba. Wannan kusancin ne ke sa magidanta da yawa su ɗauke ta kamar zuwa unguwa: a yanke shawara da daddare, a loda yara da asuba. Madugun ayari bai taɓa yin haka ba. Kafin ya ce a ɗaura, ya san rijiyar da za a sha ruwa, ya san zangon da za a kwana, ya duba wanda zai iya tafiyar da wanda ba zai iya ba. Maigida, ranar tafiya kai ne madugu.

Abin da za a fara dubawa katin rigakafin yara ne, kuma a duba shi da sauran mako biyu. Dalili kuwa, allurar rigakafi ba ta aiki nan take. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya samu kariya. Uwargida, ɗauko katin kowane yaro ki kawo mana mu duba tare. Jariri na karɓar allurar da ke kare shi daga mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora sau uku, a mako 6 da 10 da 14. A wata 9 ana yi masa ta ƙyanda da ta shawara, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Idan an tsallake wata allura, ba a makara ba, ana ci gaba daga inda aka tsaya, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati.

Ina nanata wannan ne saboda abin da muka gani da idonmu a 'yan shekarun nan. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano, ya ci yara masu yawa, akasarinsu waɗanda ba a yi musu rigakafi ba. A 2023 cutar ta bayyana a yankin Matamaye, wato a kan wannan hanya da muke magana. Sanƙarau kuma ya tashi a jihar Damagaram a ƙarshen 2022, Jigawa ma ta sha fama da shi. Jami'an iyaka na iya tsayar da mota su duba kaya, amma ba su da yadda za su tsayar da ƙwayar cutar da ke maƙogwaron yaron da bai fara zazzaɓi ba. Mashaƙo da sanƙarau da ƙyanda duk ta numfashi da tari suke yaɗuwa, kuma inda suka fi samun dama shi ne ɗakin da aka tara yaran dangi ashirin suka kwana a gidan biki, taga a rufe saboda hunturu ko ƙura. Lokacin sanƙarau yana kamawa daga Disamba har zuwa saukar damina. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i biyar na sanƙarau, don haka ku tambaya a asibitinku ko akwai ta. Babba ma ya nemi katin shawara, wanda ake kira ruwan-ɗorawa, domin Nijar na bukatarsa daga mai shiga ƙasar. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Kada ku sayi katin a hannun ɗan tasha ba tare da an yi muku allurar ba, don sauro ne ke yaɗa shawara, takardar kuwa ba ta hana shi cizo.

Batun takardun tsallaka iyaka kuwa ya sha canzawa tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, an rufe iyaka an buɗe. Ku je ofishin shige da fice ku tambaya a makon da za ku tashi, ku kuma canza kuɗi zuwa sefa tun kafin ku isa.

Sai mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. A duba burki da fitilu da taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: idan ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na ba da shawarar a canza tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da haƙoranta ba su cinye ba. Tsohuwar taya a kan kwalta mai zafin Afrilu, da buhunan tsaraba a but, ita ce ke fashewa. Jarkar fetur kuma kada ta shiga motar da ke ɗauke da yara, kome tsadar mai a gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne zaman yara a mota. Uwa ta zauna gaba da jariri a cinya, tana ganin babu inda ya fi hannunta aminci. Wallahi da ƙauna take yi, amma idan mota ta yi karo ko da a kilomita 50 take tafiya, nauyin yaron na ninkuwa sau da dama a cikin ƙiftawar ido, babu hannun da zai iya riƙe shi. Ko dai ya bugi gilashi, ko jikin uwar ya danne shi. Yaron da bai kai shekara 12 ba, baya ne wurinsa. Wanda ke da halin sayen kujerar yara ta mota ya saya, ko ta hannu ce, domin tana rage mutuwar jarirai a hatsari ƙwarai da gaske. Wanda ba shi da hali, uwa ta koma baya ta ɗaura bel a jikinta ita kaɗai, kada ta haɗa da yaron a bel ɗaya. Mai juna biyu ita ma ta ɗaura, igiyar ƙasa ta bi ta ƙarƙashin ciki a kan ƙugu, ta sama ta ratsa tsakanin ƙirji. Ta riƙe katin awonta a jaka, kuma idan cikin ya shiga wata tara ko an taɓa ce mata jininta ya hau, ni dai shawarata ta haƙura da wannan tafiyar. Dangi za su fahimta. Motar mutum biyar kuma a bar ta a mutum biyar. Na san da nauyi a ce wa ƙanwar maigida babu wuri, amma ya fi sauƙi a biya mata kuɗin motar haya.

Direba ya kwanta da wuri. Kada ya sha maganin mura ko na tari da safen tafiya, yawancinsu na sa gyangyaɗi. Ƙwayar hana barci da tiramol ba sa ƙara wa mutum ƙarfi, hankalinsa suke rage wa kaifi. A tashi bayan sallar asuba da gari ya fara haske, a tsara yadda za a isa kafin magariba. Da dare hanyar na da amalanken shanu marasa fitila, da babbar motar da ta lalace aka sa mata ganye kawai a baya, ga kuma halin tsaro da kowa ya sani. A cikin gari gudun doka kilomita 50 ne, kuma ranar kasuwa a Dambatta ko Mai'adua ko wannan ma ya yi yawa, domin yara masu talla na tsallaka titi da gudu.

Daura ta dace da zango. A tsaya a yi sallah, a miƙe ƙafa, a kai yara su ga rijiyar Kusugu da suke jin labarinta a makaranta. Tsofaffi da masu ciki suna bukatar su taka ƙasa kowane awa biyu don jini ya zagaya. Idan an tsaya, a fito da kowane yaro. Motar da aka rufe a rana na zama tanderu cikin 'yan mintuna, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Ruwan sha a ɗauko daga gida, isasshe, har da na wanke hannu da sabulu. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono kawai, kome zafi. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa ta yawaita ba shi. Abincin hanya a zaɓi mai zafi da aka sauke a gabanku. Kwaɗon da ya wuni a buɗe da yankakken kankana da ƙuda ya sauka a kai, a bar su. A jakar hannu a sa ƙullin gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinc, da farasitamol na yara, da bandeji. Idan zawo ya kama yaro a inda babu ƙullin, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai. In idanunsa suka zurma, ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya kasa sha, a nufi asibiti mafi kusa, kada a ce sai an isa. Baba mai hawan jini da Hajiya mai ciwon suga su riƙe magungunansu a jikinsu, da ƙarin na 'yan kwanaki, domin sunan magani a kantunan Nijar da Faransanci yake, ba lallai a gane irin wanda aka saba ba. Allurar insulin ba ta son zafi, kada a jefa ta cikin but. Da damina kuma gidan sauro ya shiga kaya, kada a dogara da na masu masauki, su ma baƙi sun yi musu yawa.

Allah ya kiyaye, idan kuka tarar da hatsari ko ya same ku, lambar hukumar kiyaye haɗurra a Najeriya 122 ce. Kada a ɗura wa wanda ya ji rauni ruwa, kada a fizgo shi ta hannu ko a bar kansa na lilo, domin karayar wuya ba ta nunawa a waje. Inda jini ke zuba a danne da tsabtataccen ƙyalle, a ci gaba da dannewa har a isa asibiti.

Bayan an dawo gida, a sa wa yara ido na tsawon mako biyu zuwa uku. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko jariri mai kuka ba tsayawa da maɗiga a kumbure, alamun sanƙarau ne. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani abu toka-toka a cikin maƙoshi, mashaƙo ne ake zargi, kuma ba aikin wanzami ba ne, kada a cire beli. Jajayen idanu da mura da ƙuraje da suka faro daga fuska, ƙyanda ce. A ware yaron daga sauran, a kawo shi a ranar, kuma da kun shigo ku gaya mana garin da kuka je da gidan da kuka kwana, don mu sanar da abokan aikinmu na can su duba sauran yaran.