Tambayoyi da Amsoshi Kan Kwas ɗin Ra'in Kwiya a Jami'o'in Yamma

Mene ne wannan fanni, kuma daga ina ya taso?

Ra'in kwiya (queer theory a Turanci) fanni ne da ke binciken yadda al'umma take tsara jinsi da sha'awa, da yadda take ware wasu halaye ta ce su ne daidai, wasu kuma ta ce sun kauce hanya. Ya taso ne a jami'o'in Amurka a lokacin da cutar ƙanjamau take hallaka dubban mutane, masu fafutuka kuma suna zargin hukuma da yin ko-in-kula. Teresa de Lauretis ce ta laƙaba masa wannan suna a wani taro na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz a 1990, kuma a shekarar ne Judith Butler ta fitar da Gender Trouble, Eve Kosofsky Sedgwick kuma ta fitar da Epistemology of the Closet. Yawanci ana koyar da shi a sashen adabi ko na nazarin jinsi.

Me ya sa ɗalibai suke kokawa da wahalarsa?

Babban dalili shi ne kowane littafi a fannin amsa ce ga littattafan da suka gabace shi. Wanda ya buɗe Gender Trouble zai tarar Butler tana muhawara da Simone de Beauvoir da Freud da Lacan da Michel Foucault, ba tare da ta tsaya ta gabatar da su ba, don haka ɗalibi yakan raba dare a kan shafi goma, fensir a hannu, yana komawa farkon jimla saboda ya manta inda ta faro. Masana ma sun koka: a 1998 wata mujallar falsafa da adabi ta ba Butler lambar rubutu mafi sarƙaƙiya, a 1999 kuma Martha Nussbaum ta yi mata kakkausan suka a kan salon nata. A ganina wannan koke yana da tushe, amma bai zama hujjar ƙin karatu ba.

Dalili na biyu shi ne hujjojin suna da saurin a yi musu gurguwar fahimta. Foucault, a juzu'in farko na littafinsa kan tarihin jima'i da ya fito a 1976, ya ce dokokin Turai na dā aikin luwaɗi suke hukuntawa, sai a wajen 1870 likitoci suka mayar da mai aikin wani nau'in mutum na daban. Butler kuma ta ce maimaita ayyuka irin su sutura da tafiya da salon magana ne ke gina jinsi a idon jama'a. Ɗalibai da yawa sukan ɗauka tana nufin mutum yana zaɓar jinsinsa kowace safiya kamar yadda yake zaɓar riga, alhali ita da kanta ta musanta wannan fassara a Bodies That Matter na 1993. Irin wannan kuskure ne ke zubar da maki.

Dole ne ɗalibi ya yarda da abin da ake koyarwa?

Ba dole ba ne. Abin da ake aunawa shi ne ko ya kawo hujjar marubuci yadda marubucin zai amince cewa tasa ce, sannan ya soke ta ko ya goyi bayanta da dalili. Ɗalibi Musulmi ko Kirista da addininsa ya saɓa wa yawancin abin da ke cikin littattafan yana iya yin hakan ba tare da ya sauya aƙidarsa ba. Sai dai ya tuna cewa a teburin da ake tattaunawa akwai abokan karatun da wannan batu rayuwarsu ce, kuma sun cancanci a yi musu magana cikin mutunci. Su kansu masu fannin bakinsu bai zo ɗaya ba: Cathy Cohen ta zargi fannin a 1997 da yin watsi da launin fata da talauci, José Esteban Muñoz kuma ya ƙalubalanci Lee Edelman a kan ko ya dace a sa rai da gobe.

Akwai abin da ya shafi Afirka a ciki?

Akwai, kuma a nan ne ɗalibinmu yake da abin cewa. Ifi Amadiume ta rubuta a 1987 kan auren mace da mace a al'adar Ibo ta Nnobi, wanda ya shafi gado da zuriya, Oyeronke Oyewumi kuma ta yi hujja a 1997 cewa shekaru sun fi jinsi nauyi a tsohon tsarin Yarabawa. Joseph Massad ya soki ɗora ma'aunin Yamma na jinsi da sha'awa a kan ƙasashen Larabawa a 2007. Rudolf Gaudio kuwa ya yi bincike kan 'yan daudu a Kano, ya wallafa Allah Made Us a 2009, kuma wanda Hausa harshensa ce zai iya duba maganganun da aka naɗa a ciki, ya auna fassararsu da kansa.

Yaya ake shirya masa?

A fara da Foucault kafin zangon karatu ya kankama, domin shi ne tushen da sauran suke komawa gare shi. Bayan kowane babi a rubuta hujjarsa a jimla biyu, a kai wa malami a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai, tun kafin ranar miƙa muƙala ta matso.