Teburin canza wa jariri kunzugu ba na banɗakin mata kaɗai ba ne

Daga Agege zuwa Idi-Araba a Legas, mutanenmu da yawa sun ɗauka cewa idan hukuma ta ce a sa teburin canza kunzugu a banɗakin jama'a, ɓangaren mata take nufi. Ba haka ba ne. Dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Amurka a Oktoban 2016 ta wajabta shi a banɗakin maza da na mata, amma a gine-ginen gwamnatin tarayya da jama'a ke shiga kawai. Ba ta shafi kantuna da gidajen abinci ba. Wannan sai dokar jiha, kamar ta Niyok da ta fara aiki a 2019 kan sababbin gine-gine da waɗanda aka yi wa babban gyara.

Uban da ya fita kasuwa da jaririnsa a Legas, ina zai kwantar da shi? Kan boot ɗin mota, ko jiƙaƙƙen daɓe. Abin takaici ne.

Mai gini, a kula da kafawa. Tsayin teburin kada ya wuce santimita 86 daga ƙasa. Bulo mai rami ba ya riƙe ƙusa, sai da dogon noti mai kama bango, wanda danshin Legas ba zai cinye da tsatsa ba. A duba maɗaurin da ke riƙe jariri a kan teburin, a ajiye kwandon shara mai murfi kusa, domin famfas ɗin da aka jefa a masai kumbura yake ya toshe bututu. Iyaye kuma, ko an ɗaure yaro, kada hannu ya bar jikinsa, tun yana wata huɗu yakan iya birkicewa.