Aterosiklerosis: cutar da ke cin bangon jijiya tun kafin bugun zuciya

Aterosiklerosis shi ne sunan da likitoci suka ba cutar da ke sa kitse, musamman kolestarol, ya taru a cikin bangon jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki, har bangon ya yi kauri, ya yi tauri, wani lokaci ma ya tsage. Ita ce akan kira toshewar jijiyoyin jini. Mafi yawan bugun zuciya daga gare ta yake, haka kaso mai yawa na shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sharaɓa da ke kama mutum in yana tafiya ya sake shi in ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen shekarar, kuma kashi 85 cikin 100 na waɗannan bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki.

Yawancin mutane suna ɗaukar abin kamar bututun ruwa da datti ke liƙe wa a ciki, yana ƙaruwa a hankali har ruwa ya daina wucewa. Wannan fahimta tana da illa, domin tana sa mutum ya zaci cewa muddin bai ji komai ba, jijiyarsa lafiya lau take. Kitsen ba a hanyar jini yake zama ba. A cikin naman bangon yake shiga ya zauna, kuma abin da ke kashe mutane sau da yawa ba cikar hanyar ba ce, tsagewar bangon ce.

Ga yadda abin yake faruwa. Cikin kowace jijiya akwai shimfiɗa siririya mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, ita ke raba jini da bango. Kolestarol ba ya narkewa a jini, don haka jiki ke ɗora shi a kan wasu ƙananan ƙwayoyi masu kai shi inda ake bukata. Waɗanda suka fi ɗaukar kolestarol a cikinsu su ne waɗanda ake rubutawa LDL a takardar gwaji. Ƙwayoyin LDL ƙanana ne ƙwarai, suna iya ratsa shimfiɗar nan su shiga bango. Wasu su fito, wasu su maƙale. Iya yawansu a jini, iya yawan masu maƙalewa. Waɗanda suka maƙale sukan lalace, sai jiki ya ɗauke su a matsayin baƙon abu ya turo fararen ƙwayoyin jini su cinye su. Ƙwayoyin su yi ta ci har su cika da kitse su mutu a wurin, gawarsu da kitsen da suka haɗiye su zama wani dunƙule mai laushi a tsakiyar bango. Jiki kuma ya saƙa masa murfi na tsoka da zare don ya raba shi da jini. Wannan dunƙule da murfinsa shi za mu kira ƙullutu. Ya fi son wuraren da jijiya ta rabu biyu ko ta lanƙwasa, inda jini ba ya gudu sumul.

Abin yana farawa da wuri fiye da yadda ake zato. A 1953 likitocin sojan Amurka suka buga sakamakon binciken gawar sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya. Matsakaicin shekarunsu 22 ne, amma an ga alamun cutar a jijiyoyin zuciyar kimanin kashi 77 cikin 100. Samari ne majiya ƙarfi da aka tantance lafiyarsu kafin a ɗauke su aiki.

Me ya sa ba a jin komai tsawon shekaru? A 1987 wani likita mai bincike, Seymour Glagov, ya nuna cewa jijiya tana buɗewa ta waje don ta ba ƙullutun wuri, hanyar jini ba ta fara tsukewa sai ya cinye kusan kashi 40 cikin 100 na faɗin wurin. Ko ta fara tsukewa, galibi sai ta kai kashi 70 cikin 100 kafin mutum ya ji nauyi ko matsi a ƙirji in ya hau bene ko ya yi sauri. Wannan ciwon ƙirji gargaɗi ne, kuma wanda ya same shi ya yi sa'a in ya je asibiti. Matsalar ita ce yawancin bugun zuciya yana fitowa ne daga ƙullutun da bai kai wannan girma ba. Idan kumburi ya yi yawa a cikinsa, fararen ƙwayoyin jini suna fitar da sinadaran da ke cin murfin har ya yi siriri, ƙasa da maikiromita 65, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ranar da ya tsage, jini ya haɗu da abin da ke ciki, nan take ya daskare. Gudan jinin na iya rufe jijiyar gaba ɗaya cikin mintuna. In a zuciya ne, naman da jijiyar ke ciyarwa ya fara mutuwa. In a wuya ne, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake ganin mutumin da jiya yake harkokinsa, yau an ce ya faɗi.

Hujjar cewa LDL ne tushen cutar ta taru ne ta hanyoyi daban-daban, kuma haɗuwarsu a wuri ɗaya ita ke ba ta ƙarfi. A 1913 Nikolai Anichkov, a birnin San Pitasbag na Rasha, ya ciyar da zomaye kolestarol ya ga irin wannan ƙullutu ya fito a jijiyoyinsu. A 1948 aka fara bibiyar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, daga nan aka gane cewa yawan kolestarol da hawan jini da shan taba suna hasashen wanda zai kamu. Michael Brown da Joseph Goldstein suka gano ƙofar da ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, ke janye LDL daga jini da ita, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1985. Wanda ya gaji lalacewar wannan ƙofa daga mahaifi ko mahaifiya, kusan mutum 1 cikin 250, LDL ɗinsa yana sama tun yana jariri, kuma bugun zuciya kan same shi da wuri in ba a yi magani ba. Sai kishiyar haka: a 2006 aka ruwaito cewa wasu baƙaƙen fatar Amurka da suka gaji wani canji a ƙwayar gado mai suna PCSK9 suna da LDL ƙasa da na sauran da kashi 28 cikin 100, amma haɗarin ciwon zuciyarsu ya ragu da kashi 88 cikin 100. Ragi kaɗan, amfani mai yawa, saboda tun haihuwa suke da shi. Darasin nan yana da muhimmanci ƙwarai: ɓarnar LDL yawansa ne a haɗe da tsawon shekarun da ya yi yana yawo a jini.

Sauran abubuwan haɗari suna aiki ne ta hanyar sauƙaƙa wa LDL shiga ko hanzarta tsagewar murfi. Hawan jini yana dukan shimfiɗar ciki. Hayaƙin taba yana lalata ta, yana kuma sa jini saurin daskarewa. Ciwon sukari yana yin duka biyun. Binciken INTERHEART, wanda aka yi a ƙasashe 52 aka buga a 2004, ya nuna abubuwa tara da za a iya gyarawa su ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko, kuma kitsen jini da taba ne kan gaba.

A nan ne rikicewar sarrafa abinci a jiki ke shigowa. Idan kitse ya taru a ciki, kewaye da hanji da hanta, ƙwayoyin jiki sukan daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata. Hanta ta shiga fitar da kitsen da ake kira tiraigilisaraid da yawa, HDL, wato wani nau'in ƙwayoyin da ke ɗaukar kolestarol, ya sauka, ƙwayoyin LDL su ƙanƙance su ƙaru a lissafi. Likita zai ce mutum yana cikin wannan hali in ya cika uku daga cikin biyar: tiraigilisaraid 150 mg/dL (miligiram a kowane desilita na jini) ko sama, HDL ƙasa da 40 ga namiji ko ƙasa da 50 ga mace, awon jini 130/85 ko sama, sukarin jini kafin karin kumallo 100 mg/dL ko sama, da faɗin ƙugu. Iyakar ƙugu ta bambanta tsakanin hukumomi, wasu na sa santimita 102 ga maza da 88 ga mata, wasu 94 da 80. Haɗarin wannan hali shi ne lambar LDL a takarda tana iya fitowa daidai alhali ƙwayoyin sun yi yawa. Don haka a irin wannan mutum ya fi kyau a cire HDL daga jimillar kolestarol a duba abin da ya rage, ko a auna furotin ɗin da ake kira apoB, wanda ke ƙirga ƙwayoyin kai tsaye tunda kowace tana ɗauke da guda ɗaya.

Batun HDL, wanda ake kira kolestarol mai kyau, yana bukatar hattara. Ƙarancinsa alama ce ta haɗari, amma magungunan da suka ɗaga shi ba su ceci rai ba. An dakatar da gwajin ɗaya daga cikinsu, torcetrapib, a 2006 saboda mace-mace sun ƙaru duk da HDL ya hau sosai. Kada kowa ya ga HDL ɗinsa sama ya yi sakaci da LDL.

Rage LDL kuwa ya yi aiki. Akira Endo na Japan ya samo maganin farko na rukunin sitatin, masu rage kolestarol, daga wata irin funfuna a shekarun 1970. A 1994 gwajin 4S, mai mutum 4,444 masu ciwon zuciya, ya nuna wani sitatin mai suna simvastatin ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100. Da aka haɗa manyan gwaje-gwaje a 2010, an ga duk ragin LDL da 1 mmol/L, wato kusan 39 mg/dL, yana rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu da kimanin kashi 22 cikin 100. Kumburi ma ya tabbata yana da hannu: a 2017 gwajin CANTOS ya rage irin waɗannan aukuwa da kusan kashi 15 cikin 100 da maganin kumburi wanda bai taɓa LDL ba, sai dai ya ƙara mutuwa daga cututtuka masu yaɗuwa a jiki.

A aikace, gwajin kitsen jini da awon jini da na sukari su ne mafari, kuma babba bai kamata ya jira alama kafin ya yi su ba. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi bugun zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, ya faɗa wa likita. LDL da ya kai 190 mg/dL yana sa a yi zargin na gado ne, kuma a gwada 'ya'ya da 'yan'uwa. Akwai kuma Lp(a), wata ƙwaya mai kama da LDL da ke ƙara haɗari, wanda gado ne ke tsara shi, yana sama a kusan mutum 1 cikin 5, kuma awo ɗaya a rayuwa yakan wadatar. Inda ake shakkar ko a fara magani, hoton CT mai auna ƙalsiyam a jijiyoyin zuciya yana taimakawa wajen yanke shawara.

Ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2019 ta sa burin LDL ƙasa da 55 mg/dL ga wanda ya riga ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da ƙasa da 70 ga mai babban haɗari. A cikin sitatin, atorvastatin miligiram 40 zuwa 80 ko rosuvastatin 20 zuwa 40 sukan rage LDL da rabi ko fiye. Ninka adadin maganin ba ya ƙara ragin sama da kusan kashi 6 cikin 100, shi ya sa in ba a kai buri ba ake ƙara ezetimibe, mai ƙara ragin kusan kashi 20 cikin 100, kafin a kai ga allurar da ke toshe PCSK9. Ana sake gwaji bayan mako 4 zuwa 12. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga lamba ta sauka ya ajiye magani. Cikin makonni kaɗan take komawa inda take, domin maganin ba ya warkar da hanta, yana riƙe ta ne kawai. Na biyu shi ne barin magani saboda ciwon tsoka ba tare da an koma wa likita ba. Ciwon yana faruwa, amma sau da yawa rage adadi ko canza iri yana magance shi. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta sanar da likita kafin ta sha. Asfirin kuma ba na kowa ba ne: ga wanda bai taɓa samun matsalar ba, zubar jinin da yake jawowa na iya cinye amfaninsa.

Magani ba ya maye gurbin sauran. Wanda ya bar taba, ƙarin haɗarinsa na ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi cikin shekara guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gishiri ƙasa da giram 5 a rana, motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da kuma kitse mai daskarewa, irin na nama da man shanu, ya gaza kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Abin da aka sa a madadinsa yana da tasiri: in an maye shi da man tsirrai mai ruwa da wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba, LDL na sauka, in da sukari da farin gari aka maye shi, ba a ci riba ba.

Ƙullutun da ya riga ya kafu ba ya ɓacewa. In an sauke LDL sosai yakan ɗan ragu, amma babban amfanin shi ne kitsen cikinsa yana raguwa, kumburi ya lafa, murfin ya yi kauri, ya rage yiwuwar tsagewa. Ƙaramin ƙarfen da ake sakawa a buɗe jijiya yana ceton rai a lokacin bugun zuciya, yana kuma sauƙaƙa ciwon ƙirji, amma wuri ɗaya yake gyarawa, sauran jijiyoyin suna nan da cutarsu, don haka ana ci gaba da shan magani bayansa. Matsi ko nauyi a ƙirji da ya wuce mintuna kaɗan, musamman da gumi ko sarƙewar numfashi ko ciwon da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, da karkacewar baki ko mutuwar hannu ko rikicewar magana farat ɗaya, duk na asibiti ne nan take. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari na iya jin kasala da tashin zuciya da haki kawai, ba tare da ciwon ƙirji ba.