Daga awon igiya zuwa rusau: wa ke riƙe da filin jama'a a Kano?

Duk wanda yake Kano a watan Yunin 2023 ba zai manta da ƙarar katafila ba. Ko sati ba a yi da rantsar da Abba Kabir Yusuf ba aka fara da wani bene a filin sukuwa, aka wuce Daula Otal, aka dira kan shagunan filin Idi na Ƙofar Mata, har shataletalen gidan gwamnati da aka yi na cikar jihar shekara 50 sai da ya sha ƙasa cikin dare, matasa na bin baya suna kwasar rodi da ƙofofi wai ganima. Ɓangaren Abba suka ce filayen jama'a ne gwamnatin Ganduje ta cefanar, ɓangaren Ganduje suka ce haɗin gwiwa ne da 'yan kasuwa kuma da takardu. Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne duk wannan hayaniyar ba wanda ya ji ta bakin ciyaman ƙaramar hukuma ko ɗaya, alhali a ƙasarsu ake yi.

To abin ya daɗe. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, in kana son fili wajen mai unguwa za ka, shi ya kai ka ga dagaci, dagaci ga hakimi, ƙasa tana hannun sarki. Farkon shekarun 1960 aka ɗauko wani bature Trevallion ya zana yadda Kano za ta faɗaɗa daga 1963 zuwa 1983, amma garin ya fi taswirar sauri. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi En'e ta kau, sai kuma 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo dokar ƙasa, kuma nan ne gizo yake saƙar. Dokar ta ce duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka a birni, shi ke soke ta in ya ce don amfanin jama'a ne, kuma shi ɗin dai ke faɗin inda birni ya tsaya. Ƙaramar hukuma aka bar mata karkara. Kenan Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nasarawa da Birni ciyamominsu 'yan kallo ne a harkar fili, duk da tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu da banɗakin jama'a. An ba ka aikin maƙabarta ba a ba ka ikon filin da za ka yi ta ba, ya za ka yi?

Da filin gwamnati ya zama sai mai uwa a gindin murhu, talaka ya nemo nasa hanyar, wato awon igiya. Mai gona a bakin gari zai kira dillalai, a zo da igiya a yanka hamsin-hamsin, a kafa turaku, mai unguwa ya sa hannu a takarda, shikenan an yi unguwa. Kowane taku kuɗi ne, saboda haka wa zai bar wajen makaranta ko asibiti? Ko titi ma da ƙyar. Kawuna ya sayi irin wannan filin a bayan gari, lungunsu in mai ruwa ya shigo da kura to mai babur sai ya ja baya ya jira, ranar da aka yi musu rasuwa a kafaɗa aka ɗauki makara har bakin titi don mota ba ta shiga, kuma maƙabartar ma ta unguwar maƙwabta ce. Da damina kuwa kwata ta kowa tana gangarowa ƙofar gidan na ƙasa, kullum rigima.

A cikin gari kuma sai aka koma cin abin da ya rage. Jikin makarantu, gefen masallatai, bakin badala, kududdufan da suke shanye ruwan sama, duk an cike an yi shaguna, kuma wannan ba gwamnati ɗaya ce ta fara ba, kowa ya ɗan yanka nasa ya ba 'yan jam'iyya. A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfa da shadda, 'yan kasuwar da kansu suka ce gine-ginen da aka ɗora kan magudanan ruwa ne suka ja. KNUPDA, hukumar tsara birane, tana nan, tana shafa jan fenti a bango, amma ita ma ta jiha ce, wanda yake kan kujera take bi.

Masu shagunan filin Idi sun je babbar kotun tarayya, a Satumbar 2023 ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kuɗin waye? Na mutanen Kano, waɗanda ba a tambaye su ba ranar sayarwa, ba a tambaye su ba ranar rushewa.

A Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mutane aka yi ta murna. Maganar kuɗi ce kawai, ba ta taɓa fili ba, ita dokar 1978 an ƙulle ta a cikin tsarin mulki, sai an gyara shi kafin a iya taɓa ta, kuma gyaran sai ya bi ta majalisun jihohi, inda gwamnonin suke da ta cewa.